Hanyar Iska

Watan Afrilu, biyu da rabi na rana,
Fam Santa ta koma tanderu,
kwanon rufi yana ƙas-ƙas a kanmu.
Tasi'u ya shigo rungume da akwatin kwamfuta
kamar mai kai yaro Asibitin Murtala.
"Ta sake ɗaukewa," in ji shi,
"ina tsakiyar zanen bene hawa bakwai,
jibi malami zai karɓa."

Da hannunsa ya harhaɗa ta.
Shekara guda yana tara kuɗi,
ya sayo gilashi, ya sayo fitilu masu sauya launi,
fanka shida reras, kowacce da zoben haske.
Kyan ɗan maciji.

Na kwance noti huɗu.
Zafi ya fito ya mare ni
kamar na ɗaga murfin madambaci.
Wayoyi sun cukurkuɗe a ciki,
taliya 'yar murji da ba a tsane ba.

Ban ce komai ba.
Na aiki Ɗanliti ya sayo turaren tsinke,
na kunna, na kara shi a gaban akwatin.
Hayaƙi ya shiga da sallama,
ya zaga, ya sake zagawa,
ya rasa wanda zai raka shi ƙofa.
Duk shidan ciki suke hurawa.
Kowa na zubawa, babu mai kwashewa.

Sai na tuna kakana, Badamasi magini,
can Ƙofar Na'isa, ƙafarsa cikin kwaɓi.
Bai taɓa ganin allon nan ba,
amma yakan ce iska baƙuwa ce mai kunya,
in ba ta hango mafita ba, ba ta zama.
Yakan bar 'yar taga can kusa da azara,
tafin hannu biyu, ba ƙari,
don zafi, ya ce, ɗan sarauta ne,
sama yake son hawa, sai ka buɗe masa ya wuce.

Na juya uku.
Na gaba su sha, ta baya ta fitar,
biyun sama su sallami ɗan sarauta.
Na ɗaga ƙarfen da ke kan ƙwaƙwalwar,
man da ya shafa ya bushe ya zama ƙanzo.
Na goge da sifirit, na ɗiga sabo,
ƙwayar wake ɗaya tak.
"Ba kaɗan ba?" ya ce.
Na ce, ba kaushi muke jiƙawa ba.

Na ɗaure wayoyin a bayan bango,
na sa raga a gaba
saboda abin da Adaidaita ke tayarwa a titi.
Na ce, kar ka ƙara kwantar da ita kan kafet,
ta ƙasa ma tana numfashi.

Muka kunna.
Hayaƙin ya shiga ya fita a miƙe
kamar wanda ya san gidan tun yana yaro.
Casa'in da biyar ta sauko sittin da bakwai.
Benensa ya tashi hawa-hawa a kan allo,
Tasi'u yana ƙirga tagogi da leɓe.

Nan aka ɗauke wuta.
Fankar sama ta yi juyi uku ta tsaya.
Muka zauna, gumi na bin gadon baya,
turaren yana ci, hayaƙin ya tokare a rufi,
ya rasa inda za shi.

Tasi'u ya ɗaga kai, ya bi bango huɗu da kallo.
"Oga, shagon naka fa?"

Mai dokar barci.
Shekara tara ina nan, ƙofa ɗaya.

Ya juya rasit ɗin da na ba shi,
ya ari biro a aljihuna,
ya zana 'yar taga can sama,
tafin hannu biyu.